Yadda ake saƙa da zaren kaɗi a masaƙar tsaye ta cikin gida

Zaren da aka kaɗa da mazari ba ya jure abin da zaren kanti ke jurewa. Inji kan fitar da zare kauri ɗaya, murɗi ɗaya, daga bakin curi har ƙarshensa. Hannu kuwa yana gajiya, yana sauri, mai kaɗi takan tashi ta duba tukunya ta dawo, kuma duk wannan yana nan a jikin zaren: nan ya yi kauri ya saki, can ya sirance ya murɗe tamau. Wannan rashin daidaiton ne ke ba gwado taushi da ɗumi, shi ne kuma ke sa sabuwar masaƙiya ta ƙosa ta jingine masaƙarta a bayan ɗaki. Yawancin abin da ke ɓata saƙa da zaren kaɗi yana faruwa ne tun ba a jefa abawar farko, wato zaren kwance, ba, don haka za mu daɗe a kan shirin zare fiye da kan saƙar kanta.

Masaƙar da nake nufi ita ce ta tsaye, ta mata, wadda ake jinginawa a bango. Ta maza, mai matakai da ƙoshiya da matsefi, tana son dogon fili inda za a ja kunkuru, wato nauyin da ke riƙe zaren a miƙe, da nisa, kuma ƙyalle siriri take fitarwa, mai faɗin tafin hannu ko ƙasa da haka, irin turkudin da aka san garin Kura na Kano da shi. Ta mata kuwa ba ta cin wuri, a kusurwar ɗaki ko rumfa take zama, ta ba ki ƙyalle mai faɗin kamu guda ko fiye. Irinta ce matan Bida da Okene da Akwete ke aiki da ita.

Ga abin da za ki tanada. Itace biyu na tsaye masu tsawon kamar mita 1.8, da sanduna biyu masu kauri da santsi na gicciye, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowace ta kai mita 1. Kafinta zai haɗa miki firam ɗin a yini guda, amma ki ce masa sandar sama kada ya buga mata ƙusa. Da igiya za a rataye ta, domin da ita ake ɗaure zare ana sassautawa. Sai akwasha, wato faffaɗan katakon nan mai kama da takobi da ake buga zare da shi, sai guntun gwangwala mai kauri na raba zare, sai siririyar sanda ta allera, wato madaukan da ke janyo rabin zaren tsaye don abawa ta wuce, sai sanduna biyu na naɗa abawa, sai kara mai allura a kowane baki na riƙe faɗi. Duk katakon da zai taɓa zare ki goge shi da sanfefa har sai kin ja tsumma a kansa bai kama ba.

Tantance zare

Idan ke ce mai kaɗin, kin san halin zarenki. Idan saye za ki yi, lokacinsa bayan cirar auduga ne, daga Nuwamba zuwa sama, musamman a kasuwannin ƙauyen da ke yankin noman auduga irin su Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Masu kaɗi sun yi ƙaranci tun da zaren masana'anta ya cika kasuwa, kuma yawancinsu tsofaffi ne, saboda haka in kin dace da mai hannu mai kyau ki riƙe ta, ki saye duk abin da ƙyalle ɗaya zai ci daga wurinta.

Zube curin gaba ɗaya a tabarma ki raba su kashi biyu: na tsaye da na kwance. Zaren tsaye shi ke shan wahala. Ana ja masa rai, allera na gogarsa, akwasha na dukansa sau dubbai kafin a sauke ƙyalle. Na kwance, abawa ke nan, wucewa kawai yake yi ya kwanta. Ga yadda ake gane wanne ne wanne. Warware kamar kamu biyu, ki naɗa bakin a yatsun hannu biyu ki ja a hankali har ya tsinke. In ya tsinke da ƙara, ɗas, kuma sai da kika ji shi a yatsa, ya isa tsaye. In ya zare shiru, audugar ta rabu ba tare da kin ji komai ba, murɗinsa bai kai ba, abawa ce. Gwaji na biyu: miƙe shi a kan gwiwa ki kankare wuri ɗaya da farce sau 20. Wanda ya tashi gashi ya soma rabewa ba zai kai tsakiyar saƙa ba. Kada ki gwada bakin curi kaɗai, domin mai kaɗi takan fara da natsuwa ta ƙare da gaggawa. Gwada aƙalla wuri uku.

In duk zarenki ya faɗi gwajin, ba asara ba ce. Haɗa biyu ki tufke su da mazari, kina juya shi kishiyar yadda aka kaɗa su tun farko. Inda ɗaya ya sirance ɗayan kan rufa masa, sai ki sami zare mai ƙarfi wanda ya fi kowannensu daidaito. A ganina duk mai fara saƙa da zaren kaɗi gara ta tufke na tsaye, ko da arafiya ce, wato siririn zare, mai kyau. Saƙa da sili ɗaya aikin wadda hannunta ya riga ya faɗa ne.

Ki kuma duba ɓangaren da murɗin ya karkata. Yawancin masu kaɗi gefe ɗaya suke murzawa, amma bahaguwa kan saɓa. In kika gauraya nata da na sauran a tsaye ba tsari, bayan wanki ƙyallen zai yi tudu da kwari. Ware shi ki yi abawa da shi.

Dafawa, rini da sitaci

Kife kujera ki naɗa zaren a ƙafafunta ya zama dogon zobe, sannan ki ɗaure zoben a wuri huɗu da wani zare, sako-sako, kina ratsa shi ta tsakiya. Wadda ta tsallake wannan ɗauri za ta kwana tana warware kulli.

Sa ruwa a tukunyar da ba ta tsatsa, da ɗan sabulu da ɗan ƙanƙanen kanwa, ki nutsa zaren ki bar shi ya tafasa a hankali minti 40 zuwa awa 1. Kada ki juya shi da muciya, danna shi kawai. Ruwan zai koma ruwan ƙasa-ƙasa. Maiƙon da auduga ke fitowa da shi daga gona ne, da allin hannun mai kaɗi, da ƙura. Dafawar tana yin aiki uku. Tana kwantar da murɗi, zaren ya daina nannaɗe kansa da zarar an sassauta shi. Tana sa ya yi yawancin ƙanƙancewar da zai yi tun yanzu. Tana kuma buɗe shi ya sha rini, don ɗanyar auduga ba ta shan ruwa sosai. Ɗauraye, ki matse ba tare da murɗawa ba, ki rataye a inuwa da ɗan nauyi a ƙasa, kamar gorar ruwa rabin cika.

In kina son ratsin baƙi ko shuɗi, yanzu ne za a kai marina. Masu rinin baba irin na Ƙofar Mata a Kano suna karɓar zare kamar yadda suke karɓar yadi. Da ya dawo ki yi ta ɗauraye shi har ruwan ya kusa washewa, in ba haka ba shunin zai bi akwasha ya shafe miki farin da ke kusa da shi.

Sitaci na zaren tsaye ne kaɗai. Dama cokali 2 na garin sitacin rogo a lita 1 ta ruwa, ki dafa har ya washe, ya fi kokon jarirai ruwa, ki ɗiga masa rabin ƙaramin cokali na man gyaɗa don kada zaren ya bushe ya yi ƙarau. Tsoma zoben yana da ɗan danshi, ki mammatsa ya shiga ciki, ki tatse da hannu daga sama zuwa ƙasa. Sai ki zura hannuwa biyu a cikin zoben ki fizga waje da ƙarfi sau da yawa, silin su rabu. Rataye shi, amma kada ki tafi ki manta: kowane minti 15 ki dawo ki juya shi ki sake fizgawa har ya bushe. In ya bushe a manne, wajen ɓamɓarewa za ki tayar da gashin da kika sa sitacin don ki kwantar. Zaren da ya sha sitaci daidai yana da ɗan tauri a hannu, in kin ɗaga shi a haske ba ki ganin gashi a gefensa.

Lissafi

Naɗa zaren tsaye a jikin rula, sili kusa da sili ba matsi, tsawon santimita 2, ki ƙirga. A ce kin sami 24, wato 12 a kowace santimita. In kina son saƙa irin ta gwado, inda zaren tsaye ke rufe abawa ratsinsa ya fito sosai, sa 10 a santimita. In kina son a ga tsaye da kwance daidai wa daida, sa 6. Wannan na biyun shi ya dace da wadda ta yi tsaye da zaren kanti ta yi kwance da na kaɗi, dabarar da masaƙa da yawa ke yi kuma babu laifi a cikinta. Sai dai in ta cushe tsayen, ta binne zaren kaɗin da ta sha wahala a kansa.

Mu ɗauki faɗin santimita 45 da sili 10: sili 450 ke nan. A wannan masaƙa zaren zagaye sandunan biyu yake yi, ya hau ta gaba ya sauko ta baya, don haka tsawon ƙyalle ninki biyu ne na tazarar sandunan. In tazarar mita 1.1 ce, zagaye ɗaya da kaurin sanduna zai kai mita 2.4. Sau 450, kina bukatar mita 1,080, abawa kuma kusan rabin haka. Cire santimita 25 da ba za su saƙu ba a ƙarshe, cire kashi ɗaya cikin goma na shigewa da wanki, abin da zai rage miki ya ɗan haura mita 1.9. Aikin farko dai kada ya wuce faɗin santimita 25. Majanyi ya isa.

Waɗari

Waɗari shi ne jera zaren tsaye a kan masaƙa. Ɗaure sandar sama da igiya a ɓangarorin biyu, ki auna tazarar hagu da dama su zo ɗaya. Sai ki ɗaura gwangwalar a gicciye a gaban firam, daidai ƙirjinki in kina zaune, da wata sanda taƙi ɗaya a ƙarƙashinta. Waɗannan biyun su za su raba miki zare.

Ɗaura bakin zaren a sandar ƙasa na ɗan lokaci ki fara zagayawa. A zagaye na farko zaren ya bi ta gaban gwangwala ya bi ta bayan sandar da ke ƙarƙashinta. A na biyu ya bi ta bayan gwangwala ya bi ta gaban sandar. Haka za ki yi ta saɓawa har ƙarshe, sai ki ga zaren ya gicciye a tsakanin sandunan biyu. Wannan gicciyen shi ne ran saƙar. In ya ɓace, sai an tsince sili ɗaya-ɗaya da yatsa.

Ja ɗaya za ki riƙe daga farko har ƙarshe, ba tamau ba, daidai yadda zaren zai miƙe. Shi ya sa ake son mutum ɗaya ya yi waɗari a zama ɗaya. In kika yi rabi da safe kika ƙarasa da dare, ko wata ta karɓe ki, gefe ɗaya zai fi ɗaya tauri, ƙyallen ya fito a karkace, kuma babu bugun da zai gyara shi. Duk sili 50 ki ratsa jan zare don kada ƙirga ta ɓace miki. Sili huɗu na kowane baki ki zaɓa musu zarenki mafi ƙarfi, ko ki ninka su. In curi ya ƙare ko za ki canza launi, yi kullin a daidai sandar ƙasa, duk a layi ɗaya, domin nan ne za a yanke daga baya. In kuma zaren na masu kaɗi biyu ne, kada ki ba ɗaya hagu ɗaya dama. Ɗauki curi biyu ki riƙa musanya su sili bayan sili.

Da kin gama, kwance bakin farko daga jikin sanda ki ɗaura shi a silin da ke kusa da shi, haka ma na ƙarshe. Waɗarin dole ya iya juyawa a kan sandunan. Sai ki bi da bayan yatsu a kan zaren daga wannan baki zuwa wancan. Inda kika ji ya saki, ja rarar sili bayan sili zuwa baki ki sake ɗaurewa.

Allera

A nan kam zaren kanti mai santsi ya fi, domin na kaɗi yana kama gashin ɗan'uwansa. Kwance sandar da ke ƙarƙashin gwangwala daga firam, ki zura akwasha a gurbinta ki tayar da ita a kan gefenta. Silin da suka taso gabanki su ne waɗanda ke bayan gwangwala, su za a sa wa allera. Zura zaren allera ta cikin wannan kafa, wato hanyar da ta buɗe tsakanin silin, daga dama zuwa hagu, sannan ki riƙa zaro shi da yatsa tsakanin kowane sili da na kusa da shi, kina maƙala madaukin a siririyar sandar da kulli. Madaukan su zo tsawo ɗaya, kamar faɗin yatsu huɗu. Sa wani katako a ƙarƙashi ya zama ma'auni. In kin gama, ja sandar ki duba: kowane madauki sili ɗaya, babu wanda aka tsallake. Kwance gwangwalar ita ma daga firam, amma ki ɗaura zare daga wannan bakinta zuwa wancan don kada ta zame ta fita.

Saƙar kanta

Daga ƙasa ake farawa ana hawa. Fara saka tsinke uku ko huɗu na kaba a madadin abawa, kina canza kafa kowane ɗaya, su baje zaren su ba ki tushe mai tauri.

Kafa biyu ce ake musanyawa. Ta farko: sauko da gwangwala kusa da allera, zura akwasha a kafar da ta buɗe a ƙarƙashi, tayar da ita, wuce da sandar abawa. Ta biyu: tura gwangwala sama, ja sandar allera zuwa ƙirjinki kaɗan-kaɗan daga wannan gefe zuwa wancan, zura akwasha, buga abawar da kika saka ɗazu da hannu biyu zuwa ƙasa, sannan ki tayar da ita ki wuce da sabuwa. Bugu bayan canza kafa shi ke kulle abawa a wurinta.

Kada ki ja abawa ta miƙe. Kwantar da ita a ɗan karkace, ki riƙe bakin ƙyallen da yatsa biyu lokacin da take juyowa, domin tana bukatar rarar da za ta hau ta sauka tsakanin silin. In kika ja, ƙyallen zai yi ta tsukewa, silin baki su fara tsinkewa. Karan nan mai allura ki soke shi baki da baki ɗan ƙasa da inda kike saƙa, ki riƙa matsar da shi duk bayan faɗin yatsu uku.

Sanduna biyu na abawa da na ce a tanada, ga amfaninsu. Curi ɗaya kan fi wani kauri, in kika ƙare ɗaya kafin ki ɗauki ɗaya za a ga gaɓa a jikin ƙyallen. Musanya su duk jifa biyu, bambancin sai ya baje. In abawa ta ƙare kada ki ƙulla: warware murɗin bakin tsohuwar da na sabuwar, ki sirantar da su, ki ɗora ɗaya kan ɗaya santimita 3 a tsakiyar ƙyalle ki buga. In kin ci karo da gudan auduga a jikin abawa, ɗan ƙarami ki bar shi, adon zaren kaɗi ne. Babba ki tsince shi da farce ki murza wurin.

Sili zai tsinke, ko na wa. Ɗauko guntun zare mai sitaci, ki ƙulla shi da bakin da ke sama, can nesa da allera, ki bi da shi ta madaukinsa da gefen gwangwalar da yake bi, ki naɗe ƙarshensa a allurar da kika soke a jikin ƙyallen. Bayan an sauke sai a shigar da bakin da allura. In kafa ta ƙi buɗewa saboda silin sun manne, kada ki fizgi allera. Kaɗa zaren da bayan yatsu, ki tsince ƙullutun gashin da suka taru a madaukai, ki shafa ɗan kakin zuma a wurin.

Yanayi ma yana da hannu. Auduga ta fi ƙarfi in tana da ɗan danshi, shi ya sa da hunturu zare ke yawan tsinkewa da rana tsaka. Saƙa da sassafe ko da yamma, ki ɗan fesa ruwa a inda za ki yi aiki. Da damina kuma matsalar sitaci ce: yana fumfuna, kyankyaso da gyare suna cinsa har su huda zaren. Rufe masaƙa da zane in kin tashi, kuma kada ki bar waɗari mai sitaci ya yi watanni a rataye.

Kina hawa za ki ji zaren na ƙara tauri, domin lanƙwasar da yake yi a kan abawa tana cin tsawonsa. Sassauta igiyar sandar sama kaɗan, hagu da dama daidai. In saƙar ta kai inda hannunki ke wahala, sassauta sosai, ki kama ƙyallen da hannu biyu ki ja shi ƙasa ya zagaya ta ƙarƙashin sanda ya hau ta baya, ki sauko da allera da gwangwala, ki sake ɗaurewa. Auna daga sandar ƙasa zuwa bakin saƙa a gefe biyu kafin ki ci gaba. Haka za ki yi ta yi har tsinken kabar da kika fara da su su leƙo ta saman sandar sama, kafa ta ƙi buɗuwa.

Saukewa

Yanke zaren da bai saƙu ba a tsakiyarsa, ki zare tsinken kaba, ki ƙulla geza sili shida-shida a bakin biyu tun kafin ƙyallen ya taɓa ruwa. Jiƙa shi a ruwan ɗumi awa 2 sitacin ya saki, ki wanke da sabulu, ki ɗauraye. Zai shige, ramukan da kike gani tsakanin sili su rufe. Shanya a inuwa, in ya rage ɗan danshi ki ninke ki kai mabuga, ko ki ɗora a kan gungume mai santsi ki bubbuga da kanki.

Zane yana cin ƙyalle biyu, gwado uku. Rubuta yawan sili da tazarar sanduna da tsarin ratsin na farko, ki maimaita su daidai a sauran, ki wanke duka kafin haɗi. Wajen ɗinki kada ki ɗora baki kan baki. Jera su gefe da gefe, ki kafa allurai duk taƙi ɗaya don tsawon ya zo daidai, sannan ki ɗinke da ragowar zaren tsaye, kina ɗaukar sili ɗaya daga nan ɗaya daga can.